An yanke ƙullutun sau biyu yana dawowa, yanzu sun ce sankarar fata ce

"Assalamu alaikum likita. Dan Allah shawara nake nema akan maigidana, shekararsa 36, tela ne, muna zaune a Rigasa. Kusan shekara 8 kenan yana da wani ɗan tabo mai tauri a kafaɗarsa ta hagu ta wajen ƙirji, ba zafi ba ƙaiƙayi. Da ya fara tasowa wani ƙaramin asibiti suka cire suka ce kitse ne. Bayan shekara ɗaya da rabi ya dawo, aka ce kiloyid ne aka yi ta masa allura a wurin, daga baya aka sake yankewa. Yanzu ya dawo ya yi kai uku kamar ƙwan zabi, ɗaya har jini yake. Wannan karon an ɗebi naman an kai lab, takarda ta fito an rubuta dermatofibrosarcoma protuberans, sun ce kansar fata ce kuma sai an yi babban aiki har a ɗebo fata daga cinyarsa. Hajiyarsu ta ce sam ba ta yarda ba, daji ba ya son ƙarfe, yankan da aka yi ne ya fusata shi. Likita gaskiya ne? Zai kashe shi? Babu maganin sha? Kuma yaranmu 3 za su iya gada?"

Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Allah ya ba maigida lafiya ya sa kaffara ne, ke kuma sannu da ɗawainiya da tashin hankali, na san kwanakin nan ba ki yi barcin kirki ba. Idan na fahimce ki, tambayoyinki huɗu ne amma wadda ta tsaya muku a wuya ɗaya ce, a yarda a sake sa masa wuƙa karo na uku ko kar a yarda, tunda sau biyu ana yi abin yana dawowa ya fi da girma. Toh zan amsa miki da abin da na sani a matsayina na likitan tiyata da ke aiki nan Kaduna, amma ki riƙe cewa ban ga maigidan ba, ban taɓa ƙullutun da hannuna ba, takardar ma abin da kika kwafo kawai na gani, dan haka likitocin da ke riƙe da fayil ɗinsa su ne da maganar ƙarshe akan girman aikin.

Bari in fara da abin da zai sa ki ɗan numfasa. A cikin cututtukan da ake kira kansa ko sankara ko ciwon daji, wannan da aka rubuta masa tana cikin masu sauƙin kai ta fannin kisa. Mu a asibiti DFSP muke ce mata saboda sunan ya yi tsawo. Ba kasafai take yaɗuwa zuwa cikin jiki ba, waɗanda take tafiya musu huhu ko wani wuri ba su kai 5 cikin 100 ba, kuma mafi yawan masu ita idan aka yi musu aikin da ya dace suna warkewa su ci gaba da rayuwarsu. Matsalarta guda ce, naci. Idan aka bar ko ɗan ƙanƙanin saiwarta a wurin to sai ta dawo, kuma duk dawowa tana ƙara nutsewa ciki.

Wace irin cuta ce

Daga cikin fata take tasowa, a tsakiyar kaurin fatar, wurin da ke ba fata ƙarfi, shi ya sa da farko ba ta kama da ciwo ko kaɗan, sai ki ga ɗan wuri mai tauri kamar tsohon tabo, launinsa ya ɗan fi na jiki duhu ko ya yi ja-ja, mutum ya yi shekaru da shi bai ma kula ba. Sai daga baya ta fara tsiro da kawuna, wannan tasowar ce ma ta sa aka saka mata kalmar ƙarshe ta sunan, wato protuberans, ma'anarta abu mai turowa waje. Wasu likitoci biyu a Faransa, Darier da Ferrand, su suka yi bayaninta a 1924, wani Bajamushe Hoffmann ya raɗa mata sunan nan a 1925. Ba ta da yawa ko kaɗan, a ƙididdigar Amurka kimanin mutum 4 ne cikin miliyan 1 ke samunta a shekara, kuma an lura baƙar fata sun fi farare samunta kusan ninki biyu. Ta fi kama masu shekara 20 zuwa 50, kuma kusan rabinta a gangar jiki take fitowa, ƙirji, kafaɗa, baya, ciki, sai hannu da cinya, kai da wuya kuma kaɗan. Kin ga shekarun maigida da wurin da ta fito masa da yadda ta yi ta tafiya a hankali duk sun yi daidai da halinta.

Dalilinta kuwa, a cikin fiye da 90 cikin 100 na masu ita ana samun wani kuskure a cikin ƙwayoyin halittar wurin, wani yanki na kuromosom na 17 da na 22 suna musayar wuri, sai su haɗa wani saƙo da ke ta umartar ƙwayoyin su yi ta hayayyafa ba tsayawa. Wannan kuskuren a cikin ƙullutun kawai yake, ba ya cikin sauran jikinsa, ba a haife shi da shi daga iyaye ba kuma ba zai ba 'ya'yansa ba. Dan haka yaranku 3 ki kwantar da hankali, ba gado ba ce. Ba a ɗauka kuma, ki wanke masa ciwon, ki wanke kayansa, ku ci abinci kwano ɗaya, babu komai. Ba abinci ne ya jawo ba, ba zaman keken ɗinki ba, ba kuma wani laifi da ya yi ba.

Maganar Hajiya

Ni ban taɓa raina wannan maganar ta daji ba ya son ƙarfe ba, domin iyayenmu abin da idonsu ya gani suke faɗa. Sun ga an yanke abu ya dawo ya fi da, sun ga an kai mutum asibiti an yi masa aiki bai daɗe ba ya rasu. Abin da suka gani gaskiya ne, fassarar ce ta kuskure. Hajiya ta san tofa a gona, ko kiri-kiri a tsakar gida. Idan kika sa lauje kika yanke ta sama, sati biyu ta dawo ta fi da yawa, kuma ba wanda zai ce laujen ne ya fusata ta, kowa ya san saiwar ce ke kwance a ƙasa tana tafiya ta gefe inda ido ba ya gani. To haka DFSP take sak. Ƙullutun da kuke gani a sama ɗan kaɗan ne daga cikinta, a ƙarƙashin fata tana miƙa 'yan siraran saiwoyi cikin kitse, su ratsa tsakanin ƙwayoyin kitsen kamar saƙar zuma, suna iya tafiya santimita 2, 3 ko fiye daga inda ƙullutun ya tsaya, kuma fatar da ke samansu lafiya lau za ki gan ta. Wanda ya ɗauka kitse ne zai tsaga ya ɓare ƙullutun kamar yadda ake ɓare ƙwai ya ɗinke, aiki ya yi kyau a ido, amma saiwoyin duk suna nan. Irin wannan cirewar ta kusa-kusa, kusan rabin mutane abin yana dawo musu. Abin da aka yi wa maigida sau biyu kenan. Har yau ba a taɓa yi masa aikin wannan cutar ba, aikin kitse da na kiloyid, wato tabon nan mai kumbura ya yi tudu, aka yi masa.

Anan ne raina yake ɓaci gaskiya, kuma ba akan iyalai ba, akan mu ma'aikatan lafiya. Ban zargi wanda ya fara ganinsa dan bai gane ba, cutar da likita zai iya gama aikinsa kaf bai ga guda 5 ba, kuma a fatarmu tana kama da kiloyid sosai. Abin da ba shi da uzuri shi ne a cire nama daga jikin mutum a jefa kwandon shara. Duk abin da aka yanke, komai ƙanƙantarsa, komai yadda aka tabbata kitse ne, a saka shi a kwalba da ruwan fomalin mai hana nama ruɓewa a kai lab. Da an yi haka a yankan farko da tuni an gama maganar nan da ɗan aiki wanda za a ɗinke kai tsaye ba sai an taɓa cinya ba. Na taɓa karɓar wata baiwar Allah daga wani ƙauye ta hanyar Birnin Gwari, sau 4 ana cire mata a bangon cikinta a asibitoci daban daban, ba ko ɗaya da aka kai gwaji, lokacin da ta iso mana abin ya kai girman kwakwa ya ci har cikin tsoka, aikin da zai ɗauki minti 40 ya koma na awanni da gyaran bangon ciki. Ta warke alhamdulillah, amma wahalar da ta sha da gonar da mijinta ya sayar duk da an kauce musu.

Ga masu karatu kuma da ke da irin wannan tabon, kiloyid yawanci yana biyo bayan wani rauni ne, hudar kunne, ƙuna, aski, ƙurji, tsaga, yana yawan ƙaiƙayi, kuma sau da yawa mutum yana da shi a wani wurin ko akwai mai shi a dangi. Tabon da ya fito ba tare da an ji ciwo a wurin ba, yana ta faɗi shekara da shekaru, yana tsiro da kawuna, allurar kiloyid ba ta sa ya kwanta ba, ko aka cire ya dawo, wannan a ɗebi namansa a duba kafin a sake yi masa komai.

Abin da ya kamata a yi kafin aikin

Ki koma da takardar wurin likitan ki tambaye shi abu biyu. Na farko, an yi gwajin rini na musamman da ake kira CD34? A madubin lab DFSP tana da 'yan'uwa masu kama da ita, akwai wani ƙaramin ƙullutun fata mara illa da sukan rikita mutum, wannan rinin ne ke taimakawa a raba su domin DFSP tana kama shi sosai. Ba kowane lab ke yi ba, wani lokaci sai an tura ɗan kaskon kakin da aka daskarar da naman a ciki zuwa babban asibitin koyarwa kamar na ABU da ke Shika ko Abuja, kuma haƙƙinku ne ku nemi a ba ku shi ku kai. Na biyu, wanda ya fi muhimmanci a wurina tunda abin ya daɗe kuma ya dawo sau biyu har yana jini, a tambaya ko an ga wani sashe da ya rikiɗe ya zama nau'in da ya fi zafi, a takarda za ki ga kalmar fibrosarcomatous. Kamar 1 cikin 10 ko ɗan fiye suna yin wannan rikiɗar, kuma su ne suka fi haɗarin tafiya huhu. Ɗan naman da aka ɗiba na gwaji yana iya kuskure wurin, saboda haka amsar ƙarshe sai an duba dukan abin da aka cire bayan aiki.

Sai hoto. Ga wanda ya dawo kuma yana kan kafaɗa kusa da ƙashin wuya, ni ina son MRI na wurin, wato hoton da ke nuna cikin nama dalla-dalla, kafin in shiga, dan in san ko ya taɓa tsoka ko ƙashi, kar in je in tarar da abin da ban shirya masa ba. Akwai tsada na sani, amma ya fi arha akan aiki na huɗu. Hoton ƙirji ma a yi, idan an samu waccan rikiɗar to hoton sitisikan (CT scan) na ƙirji ya fi. Kaluluwar hammata a lalube ta da hannu, amma wannan cutar ba ta cika bin kaluluwa ba shi ya sa ba a cire su haka kawai.

Shi aikin kansa

Maganinta na asali tiyata ce, babu kwana-kwana. Abin da ake yi shi ne a auna santimita 2 zuwa 3 daga bakin duk inda ake jin tauri, har da tsohon tabon ɗinkin baya gaba ɗaya, a zagaye, a yanke har ƙasa a haɗa da farin tantanin nan mai tauri da ke lulluɓe da tsoka, wanda kike gani a jikin nama idan kina gyarawa, idan ya taɓa tsokar a ɗebi ita ma. Ki lissafa, idan kawunan uku da tabon sun kai faɗin santimita 6, aka ƙara 3 ta kowane gefe, ramin ya zama 12, ya fi tafin hannu. Shi ya sa suka ce sai an ɗebo fata, ba wai dan abin ya gagara ba ne. Fatar cinya kuma samanta kawai ake shafto wa siriri, wurin yana warkewa da kansa cikin sati 2 zuwa 3 kamar ƙujewa, zafinsa ma yakan fi na wurin aikin a kwanakin farko, gara ku sani tun yanzu. Wani lokaci maimakon dashen fata ana juyo fata da tsoka daga gefe ko daga baya a rufe.

A ƙasashen da suke da hali akwai wata hanya da ake kira aikin Mohs, sunan likitan Amurka da ya ƙirƙiro ta tun shekarun 1930, ana yanka kaɗan kaɗan ana duba kowane gefe a madubi nan take har sai an ga babu saura, tana rage naman da ake asara kuma dawowar cutar bayanta ba ta wuce 1 ko 2 cikin 100. Tana buƙatar lab a gefen ɗakin tiyata da ma'aikata na musamman. Abin da ni nake yi a madadinta, kuma nake ba ku shawarar ku tattauna da likitanku, shi ne in cire da faɗi, in sa zare in yi wa naman alama, nan sama, nan ƙasa, nan ɓangaren wuya, nan ɓangaren hannu, in aika lab, in rufe ramin da dirasin in jira sakamako kafin in yi gyaran ƙarshe. Idan suka ce gefen wuya akwai saura na san daidai inda zan koma in ƙara. Marasa lafiya ba sa son wannan domin shiga tiyata sau biyu ne da zama da buɗaɗɗen ciwo na kwanaki, kuma a nan sakamakon lab yakan ɗauki sati biyu ko fiye, amma idan aka juyo tsoka aka rufe sannan takarda ta ce akwai saura, an riga an hargitsa wurin, gano inda saiwar take ya zama aiki. Wasu likitocin suna dasa fatar a zama ɗaya tunda dashe siriri ne ba ya ɓoye komai, wannan ma hanya ce mai kyau. Abin da ba zan so ku yi sassauci akai ba shi ne takardar bayan aiki ta faɗi ƙarara cewa duk gefuna da ƙasan naman babu cutar. Ku karɓi kwafinta ku ajiye.

Kuma dan Allah wannan karon a yi shi inda akwai likitan tiyatar gyaran fata ko na kansa tare da lab mai duba nama, irin asibitin koyarwa na Barau Dikko nan cikin gari, ko Shika, ko Asibitin Ƙasa na Abuja. Layi da jiran rana akwai gajiya, amma cutar a hankali take tafiya, jiran sati 3 ko 4 dan a yi shi daidai ba zai cutar da shi ba. Jiran shekara ana shafe-shafe ne zai cutar.

Maganin sha da gashi

Eh akwai maganin sha, sunansa imatinib, wasu sun san shi da Glivec, asalinsa na wata sankarar jini ne, sai aka gano yana toshe daidai wancan saƙon na hayayyafa da na faɗa miki, hukumar magunguna ta Amurka ta amince a yi amfani da shi ga DFSP a 2006. Amma ki fahimci matsayinsa. Ana ba wanda ƙullutunsa ya yi girman da ba zai ciru ba, ko yana wurin da cirewa zai lalata fuska ko gaɓa, ko ya riga ya yaɗu. Kusan rabin masu sha abin yana raguwa, wani lokaci har a samu damar yin aikin da da ba zai yiwu ba. Sai dai ba ya kashe ta ƙurmus, idan aka daina sha yawanci tana farfaɗowa, ana shan sa kullum na watanni, yana da tsada, yana kumbura fuska da ƙafa, tashin zuciya, ƙuraje, yana rage ƙwayoyin jini dan haka sai ana gwaji akai akai, mace mai ciki kuma ba ta sha. Ba abin da za a je kemis a saya ba ne. Idan MRI ya nuna na maigida zai ciru, to aikin ya fi masa maganin nesa ba kusa ba.

Gashi da na'ura kuma, wato haska wurin da hasken da ke kashe ƙwayoyin kansa, ana ƙara shi ne bayan aiki idan an samu saura a gefen da ba yadda za a ƙara yanka, ana zuwa kullum banda ƙarshen mako na sati 5 zuwa 6. Kemo irin wadda ake sa wa masu sankarar mama tana zubar da gashin kai ba ta cika aiki akan wannan ba, dan haka da wuya a ce za a yi masa.

Maganin gargajiya na shafawa, musamman masu cin fata da ake cewa suna tsotse daji, ina roƙonki kar a sa. Suna ƙone kan ƙullutun ya zama gyambo mai wari da jini, saiwar kuma tana ƙasa ba abin da ya same ta, sannan mu idan muka zo aiki sai mun fara yaƙi da ƙwayoyin cuta kafin dashen fata ya kama. Addu'a da tofi da sadaka a yi ta yi, ba su hana aiki ba. Kafin ranar aikin, kan da ke jini a wanke da ruwan gishiri mai tsafta a rufe da bandeji, idan ya ɓalle da jini a danne da tsumma mai tsafta minti 10 a tafi asibiti. Idan yana shan sigari ya ajiye yanzu, tana kashe dashen fata, idan akwai suga a daidaita shi.

Bayan aiki

Tunda tela ne ki sa a ranki zai yi sati 4 zuwa 6 bai koma keke sosai ba, kuma kafaɗar tana buƙatar motsa jiki da masu gashin ƙashi za su koya masa dan kar tabon ya ɗaure hannun. Ku fara tanadin wannan hutun tun yanzu, in da yaran shago a tsara yadda za su riƙe, kar ya zo ya matsa wa kansa saboda ɗinkin sallah dashen ya ɗaye. Wurin dashen zai yi ɗan rami kuma launinsa zai bambanta, ba zai koma kamar da ba, amma riga tana rufewa.

Yawancin dawowarta a cikin shekara 3 na farko ne, amma tana iya ɓullowa bayan shekara 5 ko fiye, dan haka a riƙa kai shi ana dubawa duk wata 6 na shekarun farko, daga baya sau ɗaya a shekara, kar a yar da kati dan an ga ya warke. Ke ce ma za ki fi mu saurin ganewa, duk wata ki shafa gefen tabon da yatsu, duk wani sabon tauri ko ɗan ƙullutu ko kamar ƙwayar wake ne ku dawo a duba.

Ita kuma Hajiya kar ku yi jayayya da ita a gida, ɗanta ne, tsoro ne ke magana. Ranar da za ku koma asibiti ku tafi da ita, ko da babban wansa da take jin maganarsa, ki roƙi likitan ya zana mata a takarda inda ƙullutun yake da inda saiwoyin suka kai da inda yankan baya ya tsaya. Ni da biro nake zanawa a jikin mara lafiyan a gaban iyayensa, da'ira ƙarama da da'ira babba, in ce yankan da aka yi a baya a ƙaramar ya tsaya, mu babbar za mu bi. Idan kin samu amsar CD34 da ta MRI ki sake rubuto min, sai in faɗa miki abin da na fahimta daga ciki.